Tuƙa Mota Mai Ja Da Taya Huɗu A Hanyoyin Gwarzo Da Kabo: Abin Da Ya Kamata Direba Ya Sani

A yammacin Jihar Kano, da zarar an sauka daga babban titi sai kwalta ta yi ƙaranci, kuma daga nan ne aikin mota mai ja da taya huɗu yake farawa. Irin waɗannan motoci, da jama'a ke kira jif ko Hilux, su ke kai malaman gona na Hukumar KNARDA wurin manoma, su ke ɗaukar ma'aikatan rigakafi da akwatunan allurarsu, su ke raba kayan zaɓe, kuma sau da yawa a cikinsu ake garzayowa da mai naƙuda daga ƙauye zuwa Babban Asibitin Gwarzo.

Sai dai ƙarfin motar yakan yaudari mai tuƙa ta. Ja da taya huɗu yana taimaka mata ta tashi ta kuma ci gaba a inda ƙaramar mota za ta kafe, amma ba ya ƙara mata birki ko kaɗan, domin kowace mota da tayoyi huɗu take tsayawa. Ga shi kuma ta fi ƙaramar mota nauyi da tsawo, don haka ta fi ta wuyar tsayawa, ta fi ta saurin kifewa.

Ƙasar da hanyoyinta

Babbar hanyar yankin ita ce ta Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi. Ta fito daga birnin Kano, ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da barikin Janguza, ta ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo, ta isa Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70, sannan ta shiga Jihar Katsina. Daga jikinta da kuma sauran titunan da suka haɗa garuruwa irin su Garo da Gude da Godiya a Kabo, da Getso da Lakwaya da Kutama a Gwarzo, hanyoyin burji da burtalai suke ɓallewa zuwa ƙauyuka da gonaki.

Ƙasar ba iri ɗaya ba ce. A tafiyar kilomita kaɗan direba zai iya cin karo da marmara mai tsakuwa, da jigawa, da laka a fadama, da kwazazzabon da ruwa ya yanka. Rafukan yankin da dama suna gangarawa ne zuwa Kogin Challawa, wanda aka datse a ƙasar Karaye, kuma akwai ƙananan madatsu kamar na Guzuguzu a Kabo. Yawancin rafukan nan yashi ne zalla da rani, amma da damina, musamman a watan Agusta, sukan cika su batse cikin ɗan lokaci. Ke nan hanya guda tana da fuska uku a shekara: taɓo da ruwa daga Yuni zuwa Satumba, ƙura da hazo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai zafin bazara a Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40.

Yadda motar take aiki

Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin Amurka suka fara amfani da Jeep a 1941, irin wannan mota ta yaɗu a duniya. Land Rover ta fito a Ingila a 1948, kakar Land Cruiser ta fito a Japan a 1951, ita kuwa Hilux an fara ƙera ta a 1968. Duk da sauye-sauyen zamani, tushen aikinsu bai canza ba. Bayan akwatin giya na yau da kullum akwai wani ƙarami da ke raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya, wanda direbobi ke kira ogzileri. Ana sarrafa shi da gajeren sandan giya ko da maɓallin murzawa, kuma alamomi uku ne a kansa.

Alamar 2H tana nufin tayoyin baya ne kaɗai ke ja, kuma ita ce ta tafiya a kan kwalta. Alamar 4H tana haɗa gaba da baya, don burji mai santsi da yashi da taɓo marar zurfi. A yawancin motoci ana iya shiga 4H mota na tafiya, muddin ba a wuce gudun da littafin motar ya ƙayyade ba. Ita kuwa 4L tana rage gudun tayoyi zuwa ƙasa da rabi, tana kuma ninka ƙarfin jansu kusan sau biyu da rabi a motoci irin Hilux da Land Cruiser. Ba a shiga 4L sai an tsaya cak, an taka kuloci ko an mayar da giya firi. Wasu tsofaffin motoci suna da makulli a tsakiyar tayoyin gaba da ake murzawa da hannu. Idan ba a sauka an kulle su ba, ko an sa ogzileri gaban ba zai ja ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin mota a 4H a kan busasshiyar kwalta. A duk kwana, tayoyin gaba suna bin zagaye mai faɗi fiye da na baya, don haka dole su fi su juyawa. Ogzileri kuwa yana tilasta musu juyawa daidai wa daida. A yashi ko taɓo tayoyin kan ɗan zame su sauke wannan bambanci, amma a kwalta ba su da wurin zamewa, sai ƙarfin ya taru a farfela da haƙoran giya. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa turjewa a kwana, ogzileri ya ƙi fita. Idan haka ta faru, a ɗan yi ribas a miƙe, yawanci zai saki.

Motoci irin Prado suna ja da taya huɗu a kowane lokaci ba tare da wannan matsala ba, saboda suna da na'urar da ke daidaita gaba da baya, sai fa idan an kulle ta. Ƙananan jif-jif kamar RAV4 da CR-V da Highlander kuwa ba su da 4L, cikinsu kuma bai yi nisa da ƙasa sosai ba. An yi su ne don titi da burji mai sauƙi.

Kafin a tayar da mota

Direban da zai shiga ƙauye ya kamata ya zagaya motarsa kafin ya hau. Ya duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki, ya gwada fitilu da hon da waifa, ya leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigon mai. Tayoyi huɗun su kasance girma ɗaya, domin taya mai bambancin girma tana wahalar da ogzileri. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2322, misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, tana gargaɗin cewa taya ta daina aminci bayan shekara huɗu da yin ta, ko da zanenta bai sude ba. Adadin iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake auna ta kafin taya ta ɗau zafi.

Kayan da bai kamata a bari a gida ba sun haɗa da safayar taya mai iska, da jak, da ɗan katako mai faɗi da za a ɗora jak a kai, da shebur, da igiyar ja mai ƙarfi, da famfon iska da geji, da tocila, da ruwan sha, da tukunyar kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. A cika tanki tun daga gari, domin yashi da taɓo suna shan mai fiye da titi. Ogzilerin da ya daɗe ba a taɓa shi ba yakan cije, saboda haka a gwada shi a kan ƙasa kafin ranar buƙata.

A kan kwalta da burji

Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa motocin gida gudun kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a kan tagwayen manyan tituna. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cin fiye da mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata takan ninka sau huɗu. Wannan lissafi yana da nauyi a hanyar Gwarzo, inda babura da Adaidaita Sahu da amalanken shanu da 'yan makaranta ke raba titi da manyan motoci, musamman a ranakun da kasuwanni irin ta Getso ke ci.

Mota mai tsawo ba ta jure fizgar sitiyari. Idan akuya ta faɗo titi, taka birki a miƙe ya fi kauce mata da ƙarfi. Idan tayoyin gefe suka faɗa kafaɗar titi, a saki totur, a bar mota ta rage gudu, sannan a dawo da ita a hankali. Yunƙurin hawowa da gudu shi ke jawo adungure. Ɗaura bel, wanda FRSC ta fara tilastawa a 2003, shi ke hana mutum fita ta taga idan mota ta kife.

A kan burji, tsakuwa tana mirginawa ƙarƙashin taya, don haka birki ba ya kamawa kamar a kwalta, ko da motar tana da ABS. A-kori-kurar da babu kaya a bayanta ta fi saurin zamewa, saboda bayan ba shi da nauyi. Sa 4H yana rage wannan. A rage gudu kafin a shiga kwana. Inda hanya ta yi ƙananan kunyoyi masu girgiza mota, tayoyi ba sa zama a ƙasa sosai, kuma mota na iya ƙwace wa direba ba zato. Kada a kutsa cikin ƙurar motar da ke gaba, kada kuma a wuce ta ba a ganin abin da ke tahowa. A hanya mai gargada, manyan yatsu su kasance a wajen sitiyari, domin idan taya ta bugi dutse ko kututture sitiyarin na iya juyawa ya karya yatsa.

Yashi da taɓo

Dabarar yashi ita ce tafiya ba tsayawa, da matsakaicin gudu. A sa 4H tun kafin a shiga, ko 4L da giya ta biyu ko ta uku idan yashin mai zurfi ne, a guji canza giya a tsakiya, domin da an taka kuloci mota za ta lafe. Rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a geji yana faɗaɗa takunta a ƙasa, sai ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Amma tayar da aka rage wa iska ba ta son gudu ko kwana mai tsanani, kuma wajibi ne a mayar mata da iskarta kafin a hau kwalta, in ba haka ba za ta yi zafi ta fashe. Yashi ya fi tauri da sassafe ko bayan yayyafi, ya fi laushi da tsakar rana.

Taɓo kuwa yana cike zanen taya har ta koma kamar sudaddiya. A duba shi da ƙafa ko da sanda kafin a shiga. Bin sawun motocin da suka wuce yana da kyau idan sawun bai yi zurfin da cikin mota zai zauna a ƙasa ba; sawun tarakta ko na babbar mota yakan fi ƙarfin Hilux. Idan tayoyi suka fara juyawa a banza, a ɗan riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama don gefen taya ya sami abin kamawa. Kaucewa taɓo ta cikin gonar mutane da damina yana lalata shuka, yana jawo rigima, kuma ƙasar da aka yi wa huɗa ta fi hanya laushi.

Ƙetare ruwa

Babu inda kuskure ya fi tsada kamar mashigin rafi. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 yana tafiya da yawancin ƙananan motoci, santimita 60 kuwa yana iya kwashe jif da a-kori-kura. Dalili shi ne ruwa yana ɗaga mota ya rage nauyin da ke danne tayoyinta, sannan ya tura faffaɗan gefenta.

Kamfanin Toyota ya sa iyakar zurfin ruwan da sabuwar Hilux za ta shiga a santimita 70, amma wannan magana ce ta ruwa kwantacce da ƙasa mai tauri. Rafin da ke ɗauke da ruwan sama launin ƙasa ne, ba a ganin gindinsa, kuma yana iya kasancewa ya zaizaye gefen kwalbati ko ya yanke hanyar gaba ɗaya. Ruwan da aka yi a wani gari can sama yakan iso mashigi ko da ba a yi ɗigo a wurin ba.

Ƙa'idar ita ce, ruwan da mutum ba zai iya ratsa shi da ƙafa cikin natsuwa ba, mota ma kada ta shiga. Mutanen ƙauyen da ke kusa sun san inda rami yake da lokacin da ruwan ke janyewa, kuma matambayi ba ya ɓata. Yawancin irin waɗannan rafuka suna sauka bayan 'yan sa'o'i, don haka jira shi ne mafita.

Idan an tabbatar ruwan ya ƙetaru, a sa 4L da giya ta biyu, a sauke gilasai, a shiga a hankali, a riƙe gudu ɗaya har a fita, mota ɗaya bayan ɗaya. Abin tsoro ga inji shi ne ruwa ya shiga ta inda yake shaƙar iska, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya lanƙwasa ƙarafan cikin inji. Saboda haka idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake yi mata ki. A fitar da mutane tukuna, sannan a janyo ta. Bayan an fita, a riƙa taka birki sannu-sannu ana tafiya har ya bushe. Idan an koma gari, makanike ya duba man giya da na aksul. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a canza shi.

Hawa da gangara

Gaɓar rafi ko tudu a miƙe ake hawansu, a miƙe ake sauka. Ratsa gangara a karkace shi ne hanya mafi sauri ta kifar da mota mai tsawo. Wajen sauka, a sa 4L da giya ta ɗaya a bar inji ya riƙe motar, kada a taka kuloci ko a sake ta firi. Idan hawa ya gagara, kada a yi ƙoƙarin juyawa a kan tudun: a taka birki, a sa ribas, a sauko a miƙe inji na riƙe da ita. Ƙaramin kwari ko lambatu kuwa a ɗan karkace ake ƙetare shi, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada gaba ko baya ya daki ƙasa. Inda direba ba ya ganin abin da ke gaban bonet, wani ya sauka ya yi masa jagora daga inda yake ganinsa.

Hunturu da bazara

A cikin hazo, ƙaramar fitila ake kunnawa, domin babbar tana dawo da haske ne cikin idon direba. A ƙara tazara, kuma in tsayawa ta kama a sauka daga titi gaba ɗaya. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar inji, sai mota ta rasa ƙarfi ta ƙara shan mai, don haka a yawaita duba ta. Da kaka da rani, busasshiyar ciyawa da karmami sukan maƙale a jikin salansa mai zafi su kama wuta. Bayan ratsa ciyawa a leƙa a cire, kuma kada a ajiye mota a kan busasshen ciyayi.

Da bazara, tsohuwar taya da kaya fiye da kima da gudu idan suka haɗu, fashewa ce ke biyo baya. In taya ta fashe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a saki totur sannu a hankali, kada a danna birki da ƙarfi. In inji ya yi zafi, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce.

Kaya da fasinja

Abin da yawancin a-kori-kura irin Hilux ke iya ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da nauyin mutanen da ke ciki. Buhu goma na masara mai kilo 100 ya riga ya cinye wannan adadi kafin direba ya zauna. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, kusa da kan mota, a ɗaure su tamau. Lodi a kan rufi yana ƙara wa mota saurin kifewa. Mutanen da ke zaune a buɗaɗɗen baya, kamar yadda ake gani a ranar kasuwa ko ɗaurin aure ko gangamin siyasa, ba su da bel ba su da rufi, kuma birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya watsar da su.

Idan mota ta kafe

Da zarar mota ta daina gaba, a ɗaga ƙafa daga totur, domin ƙara wuta rami kawai yake haƙawa. A fara gwada komawa baya ta sawun da aka shigo. Idan ta ƙi, a sauke kaya da mutane, a kwashe ƙasar da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin mota, a ɗaga ta da jak a kan katako, a cusa rassa ko duwatsu ƙarƙashin taya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

In wata mota ko tarakta za ta ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke manne da shasi. Bamba da dunƙulen ƙarfen jan tirela suna iya ɓallewa su tashi kamar harsashi. Masu kallo, musamman yara, su matsa nesa fiye da tsawon igiyar.

Dare, tsaro da haɗari

Tafiyar dare a hanyoyin ƙauye tana haɗa hatsari biyu: amalanke da babura marasa fitila da ramukan da ba a gani, ga kuma matsalar tsaro da ta taɓa wasu yankunan da ke kan iyakar Kano da Katsina. Ya kamata matafiyi ya nemi labarin hanya daga mutanen gari, ya sanar da wani inda ya nufa da lokacin da yake sa ran dawowa, ya kuma tsara tafiyarsa ta ƙare kafin magariba. A shingen jami'an tsaro da dare, a rage gudu, a rage fitila, a kunna ta cikin mota.

Idan haɗari ya auku, a kashe inji, a kafa alamar gargaɗi nesa da wurin, a kira FRSC a lamba 122 ko lambar gaggawa ta ƙasa 112. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko gadon baya kada a ɗauke shi a naɗe, sai a kwance a kan abu mai tauri, kansa da jikinsa a miƙe. Asibitocin Gwarzo da Kabo ne mafi kusa, kuma daga nan ake tura masu munanan raunuka zuwa Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala, duk a birnin Kano.